Karatun Da Yake Farawa Daga Garke

(Jawabin wani mushen lakwal a taron makiyaya da ƴan kasuwar bisashe)

Ardo-ardo, garso-garso, dillalai da fataken shanu, iyayenmu mata, barkanku da zuwa. An ce in faɗi irin tsarin da nake bi wajen karantar da yaranku, tunda da yawa cikinku har yanzu suna ɗari-ɗari da lakwal.

Ban ga laifinku ba. Kun ga yaron da aka kai lakwal ya yi shekara 6, ya komo bai iya rubuta wasiƙa ba, ga shi kuma ya manta ɗaurin tatsa, har yana ƙyamar warin garke. An yi biyu babu. Dalili shi ne an zaunar da shi yana haddar kalmomin Faransanci da bai san fassararsu ba, a kan abubuwan da bai taɓa gani ba.

Tsarin da nake bi masana suna kiransa aƙidar ci gaba a karantarwa. Wanda ya fi shahara da ita wani Ba'amurke ne, Jon Diwi, wanda ya buɗe makarantar gwaji a birnin Shikago a 1896. Yaran makarantar suna dafa abinci, suna saƙa, suna sassaƙa, suna shuka, kuma daga cikin wannan aiki suke tsintar lissafi da karatu. Nan gida ma Abdu Mumuni, wanda aka sa wa jami'ar Yamai sunansa, ya fitar da littafi a 1964 a kan ilimi a Afirka, inda ya nuna tarbiyyarmu ta gargajiya a haɗe take da aikin yau da kullum, ya kuma nemi a karantar da yara da harshensu. A 1973 aka fara gwada hakan da Hausa a Damagaram, daga baya aka shigo da Fulatanci, Tamajak, Zabarmanci da Barbarci.

To ga yadda nake yi. Ɗan makiyayi mai shekara 8 ya san saniya 50 ɗaya bayan ɗaya, da sunanta da uwarta, in ɗaya ta ɓace kuwa kallo ɗaya zai gane ba tare da ƙirga ba. Wannan ba tulu ba ne da za a ɗura wa ruwa. Daga abin da ya sani nake farawa. Lissafinmu na zakka ne: shanu 30 maraƙi guda, tumaki ko awaki 40 dabba guda. Na kasuwa ne: an sayar da bajimi jika 250, an fid da la'ada, an biya kuɗin tikiti da na mota, nawa ya rage? In an biya da naira a Illela ko Mai'aduwa, sefa nawa ke nan? Ku ƴan kasuwa da kuka ga karyewar sefa a 1994 kun san abin da rashin wannan lissafi yake jawowa. Muna ma yin kasuwar wasa a aji, wannan dillali, wannan mai saye, wancan mai bisa, kuma in gaya muku gaskiya, ƴan mata masu tallar nono sun fi kowa saurin canji.

Wata rana kuma sai mu fita daji. In tambaye su: don me gawo yake zubar da ganye da damana, ya yi kore shar da rani? Ba na ba su amsa. Su je su tambayi tsofaffi, su dubo, mu zauna mu tattauna, sannan kowa ya rubuta abin da ya gano. Haka muke yi da kwalbar maganin tsutsa: su karanta adadin da aka rubuta gwargwadon nauyin dabba, su duba ranar da maganin zai mutu.

Kada wani ya ɗauka sakin yara ne su yi abin da suka ga dama. Shi kansa Diwi a 1938 ya ja kunnen masu yin hakan da sunansa. Dole yaro ya iya rubutu da karatu sosai, ya iya Faransanci, domin da shi aka rubuta dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010, waɗanda suka yi magana a kan burtali, rijiyoyi da makiyaya. Ran da aka kama shanu a kan ɓarna, wanda ya iya karanta takarda ba a yanka masa tara yadda aka ga dama.

Na san wuyar tana ga rani, lokacin jan ruwa, sa'ad da kowane hannu yake da amfani a bakin rijiya. Shi ya sa nake roƙon abu biyu. Mu zauna da ku mu tsayar da sa'o'in karatu da ba za su ci karo da shayarwa ba. Sannan kowane mako dattijo guda ya zo aji ya koya wa yara ciyayi, taurari da alamun ciwon huhu, ni kuma in sa su rubuta. Wanda ya yarda ya ba garsonsa suna kafin a watse.