Barmani Choge, Uwar Amada

Tun da Allah ya yi wa mawaƙiya Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa rasuwa a 2013, gidajen biki ba su sami madadinta ba. Allah ya jiƙanta. 'Ya'ya da jikoki sun rasa uwa, matan Hausa kuwa kowace gani take goggonta ce ta tafi.

A kifa ƙwarya a kan ruwa, kiɗan amada ya tashi, sai ta fito da zancen da ake rufe ƙofa kafin a yi: kishi, haihuwa, zaman aure, har surar jikin mace. Wasu suka ce ba ta da kunya. Ni ban yarda ba. Gorin da take wa macen da ba ta sana'a ya sa mata da dama sun ɗora kaskon ƙosai.