Jawabin da anka yi a taron ƙungiya a kan tabkin Madarumfa da kifinsa

Iyayenmu dattawa, Sarkin ruwa, ƴan'uwa ƴan ci-rani da kunka zo daga Yamai, Damagaram, Tawa da Kano, muna yi muku barka da zuwa.

Abin da ya tara mu yau shi ne tabki. Kowa ya san gidaje nawa ke ci daga cikinsa: masunta, mata masu suya da banda, masu kai kifi kasuwar Maraɗi. Amma masunta suna kuka, tarwaɗa da karfasa sun ƙanƙance, taru yana fitowa da sauƙi.

Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984. A 1963 tabkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan shekara ashirin da ƴan kai, ko kashi ɗaya cikin goma bai rage ba, har ruwa ya bar garin Ngigmi a tudu. A 1985 kogin Isa ya daina gudu a Yamai. Daga baya ruwa ya komo, amma bai komo da halinsa na da ba. Yanzu sai ya yi jinkiri, sa'annan ya zuba gaba ɗaya, kamar yadda munka gani a 2024 da ambaliya ta rushe gidaje a jihar Maraɗi. Wannan shi ne canjin yanayi: hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa ya ƙara wa duniya zafi.

Ga yadda abin ke taɓa kifi. Zafi yana shanye ruwan tabki da wuri, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa. Ruwan sama mai ƙarfi, in ya faɗi a gonakin da babu itace, yana kwaso yashi ya cike tabki. Ga kuma madatsar Jibiya a jihar Katsina, wadda ke riƙe wani rabo na ruwan gulbin Maraɗi. A 2019 an sa tabkinmu cikin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye, amma takarda ba ta hana yashi.

Zafin rana ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu huɗu ne.

Na ɗaya, mu bar su da gidan sauro da taru mai ƙananan ido. Wanda ya kama ƴaƴan kifi ya ci na baɗi tun bana.

Na biyu, mu huta da su a tsakiyar damina, lokacin da kifi ke shiga ciyawa yana ƙwai. Sarkin ruwa da ma'aikatan daji su tsaida ranar rufewa da ta buɗewa, kowa ya bi, har da ɗan sarki.

Na uku, mu dasa itace a bakin ƙoramu, mu bar noma har gaɓar ruwa.

Na huɗu, kiwon kifi. Ƙananan tabkunan da ke riƙe ruwa wata shida ko bakwai ana iya zuba musu ƴaƴan tarwaɗa farkon cika, a kwashe kafin su ƙafe. Tarwaɗa tana jure zafi da ƙarancin iska, ita ta dace da mu.

Ƴan ci-rani, nan ne naku ya zo. Masunci ba zai aje taru wata biyu da yunwa a gida ba. Shawararmu ita ce kowane ɗan ƙungiya ya ba da jikka biyu, a sayi hatsi a ranta wa masunta lokacin hutu, sauran a sayi ƴaƴan kifi. Ma'aji zai karanta lissafi a gaban kowa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu yanke shawara kafin damina ta faɗi. Allah Ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.