Tuwon dawa da karan dawa

 Tambayata ita ce: me ya sa muke cin tuwon dawa, amma kara sai dai a yi danga da shi? Ai tushensu ɗaya, gulukos. Jerin ne ya bambanta. A sitacin tuwo, sarƙar nannaɗewa take yi. A selulos na kara kuwa, kowane gulukos a kife yake saɓanin maƙwabcinsa, sai sarƙar ta miƙe sambal. Sarƙoƙin su jeru, haɗin haidurojin ya ɗaure su tamau, su zama zaruruwan da ke naɗe ƙwayar tsiro. Ruwa ya cika ta, bangon ya ƙi fashewa, tsiro ya tsaya ƙyam. Cikinmu ba ya iya warware wannan jeri. Saniya ma, ƙananan halittun tumbinta ke yi mata aikin.