Yadda Aka Gano Makamin Mashaƙo

Mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba su manta da mashaƙo ba, cutar nan mai toshe maƙogwaro wadda ta ɓarke a Kano ƙarshen 1922 da ɗari, watau 2022, ta ci yara da yawa a 2023. Iyaye suna tambaya, me ke cikin allurar rigakafinta? To, ku saurara.

Ƙwayar cuta ƙanƙanuwa ce, ba a ganinta sai da madubin likita. Amma tana da sassa iri iri da ake kira furotin. Idan ta shiga jiki, jini yakan shaida waɗansu daga cikinsu, ya ƙera musu garkuwa. Aikin masana shi ne su gano wane sashe ne garkuwarsa take tsare mutum.

A 1888, a birnin Faris, likita Roux da likita Yersin suka raini ƙwayoyin mashaƙo cikin romo, suka tace, suka fid da ƙwayoyin sarai. Da suka yi wa dabbobi allurar ruwan da ya saura, sai dabbobin suka kamu. Ashe dafi ƙwayar take fitarwa, shi ke yin ɓarna har ya taɓa zuciya. A 1890 likita Behring na Jamus ya nuna ruwan jinin dabbar da ta saba da dafin yana kare wata. Kāna a 1923 Ramon ya kashe kaifin dafin da magani. Jini yana shaida shi, amma ba ya cutarwa. Shi ne ke cikin allurar.

Yanzu dabara ta ci gaba. A 2000 masana suka karanta tsarin halittar wata ƙwayar sanƙarau, suka gwada furotin wajen 350 a jikin ɓeraye, suka zaɓi waɗanda garkuwarsu ke kashe ƙwayar.

Saboda haka, uwa, kai jaririnki asibiti mafi kusa a yi masa allurar Penta sau uku: yana da mako 6, da 10, da 14. Kyauta ce, kuma guda ɗaya ba ta isa. Maigida, in yaro ya yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wuya ya kumbura, kada a kwana, a kai shi ga likita.

Allah ya ba mu lafiya, amin.