HAYAƘIN MURHUNKA, HANCIN MAƘWABCINKA

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, tsohon ma'aikacin duba-gari, ya gabatar a taron ƙarshen shekara da aka yi a Jos Jarawa. Mun kawo shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, sai ɗan gyara kaɗan.)



Da aka ce in yi magana a kan hayaƙi, wani abokina ya yi dariya, ya ce, "Malam, duk matsalolin da suka dame mu a rasa abin tattaunawa sai hayaƙi?" Na ce masa ya bari sanyi ya kama, ya fito bayan sallar asuba ya tsaya a bakin hanya ya dubi cikin unguwa, sa'an nan ya zo mu sake magana. To, ga shi can a zaune yana jina, kuma tun ran nan bai ƙara yi mini dariya ba.

ME YA SA JOS TA BAMBANTA?

Jama'a, garin nan yana bisa tsauni ne, tsayinsa ya kai wajen mita 1,200 daga doron teku. Shi ya sa sanyinmu ba irin na Kano ko Sakkwato ba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu kowa neman wuta yake yi. Masu gidan wanka suna ɗora duro bisa murhu tun ƙarfe uku na dare, suna cusa masa itace da dusar katako. Mai burodi ya hura tandarsa, mai shayi ya hura tasa, masu gadi su tara tsummokara da leda su kewaye suna jin ɗumi. Ga masu babbakar kai da ƙafa, ga masu narka alminiyam su zuba tukwane, ga yaran da ke ƙona waya don su cire tagulla.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a daren hunturu ƙasa tana hucewa da sauri, sai iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumin kuma ta hau samanta ta rufe kamar murfin tukunya. Hayaƙin da ya kamata ya tashi sama ya watse sai ya kwanta, ya bi gangare, ya taru a wuraren da ke kwari, irin na bakin kogin Dilimi. Ba ya ɗagawa sai rana ta yi zafi. Wato daidai lokacin da tsofaffi ke fita masallaci, yara ke tafiya makaranta, lokacin ne ya fi kauri.

Kada mu ɗauka abin wasa ne. A birnin Landan, daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952, irin wannan murfi ya danne hayaƙin kwal na kwana biyar. Ƙiyasin farko ya ce mutum 4,000 suka mutu, binciken baya kuma ya kai adadin wajen 12,000. Wannan ne ya sa Ingila ta kafa dokar tsabtace iska a 1956. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki da na jin ɗumi a gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3 da dubu 200 a duniya. Yawancinsu ta hanyar ciwon huhu ne da na zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarsa, don su ne a gindin murhu.

ME DOKA TA CE?

Wasu na cewa ai babu dokar da ta hana mutum hura wuta a filinsa. To, ku saurara. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 20, ya ɗora wa gwamnati nauyin kare ruwa da iska da ƙasa. A jadawali na huɗu kuma ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, cikinsu har da kula da gidajen burodi, da gidajen abinci, da wuraren wanki, da mahauta, da kasuwanni, da kwashe shara. Kun ga ke nan ƙaramar hukumarmu ta Jos ta Arewa, wadda aka ƙirƙira a 1991, tana da hurumin ta ce ga yadda za a gina tanda, ga kuma abin da ba za a ƙona a cikinta ba.

A sama kuma, bayan an jibge sharar guba a garin Koko a 1988, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar FEPA a wannan shekarar. A 2007 aka kafa NESREA ta gaje ta wajen tilasta bin dokokin muhalli. Ƙa'idojin da take aiki da su sun haɗa da na 2011 a kan ƙona daji da ƙone-ƙone a fili, da waɗanda suka shafi ingancin iska. A nan jiha muna da PEPSA mai kula da tsabtar muhalli, da JMDB mai ba da izinin gini a cikin birni. Saboda haka doka tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin ta, da kuma bayani dalla-dalla da talaka zai iya bi: bututun hayaƙi ƙafa nawa? Tazara nawa daga tagar maƙwabci?

A wasu ƙasashe sun fayyace wannan. A Amurka akwai masu kafa murhun itace a bayan gida, yana dafa ruwa, ruwan ya bi bututu ya ɗumama ɗakuna. Kusan duron gidan wankanmu ne aka yi masa riga. Da ƙorafin maƙwabta ya yi yawa, jihar Niyok ta sa doka wadda ta fara aiki a 2011: sabon murhu na gida ya nisanci iyakar filin maƙwabci da ƙafa 100, bututunsa kuma kada ya gaza ƙafa 18. Na san za ku ce ina muka ga ƙafa 100 a Gangare ko Rikkos, inda katanga ke jingine da katanga? Gaskiya ne. Tazarar ba za mu iya ba, amma tsawon bututu muna iyawa.

Kuma kada wani ya ce wannan tsarin Turawa ne. A birnin Tunis, wajen shekara 700 da suka wuce, an yi wani magini masani mai suna Ibn al-Rami. Ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini bisa mazhabar Malikiyya, a ciki ya kawo shari'o'in hayaƙin gidajen wanka da na tandar burodi. Malaman sun bambanta tsakanin murhun da maƙwabta suka tarar da wanda aka kafa musu daga baya, kuma sabon da ke cutarwa alƙali yana da ikon hana shi. Malamanmu da ke nan sun fi ni sanin wannan babi.

ABIN DA YA FARU A GIDANA

Bari in ba ku nawa labarin. Akwai jikata mai ciwon asma. Wata shekara wani bawan Allah ya buɗe gidan wanka a bayan katangarmu, murhunsa daidai tagar ɗakin da take kwana. Da itace ya yi tsada sai yaransa suka koma tsofaffin tayoyi. Sau biyu muna kwasar yarinyar nan cikin dare zuwa asibiti, numfashi na neman gagararta. Wallahi raina ya ɓaci, har samarin gidanmu suka ce in bar su da shi. Na ce a'a. Na samu mai unguwa, aka kira shi, aka zauna. Mutumin nan ya rantse bai san abin ya kai haka ba, kuma na yarda da shi, don shi ba a nan yake kwana ba. Muka haɗa kuɗi, ni da shi, maƙeri ya yi bututu da ya zarce rufin gidajenmu, aka matsar da murhun ɗaya kusurwar, aka daina sa taya. Yau yaron shagonsa ke kawo mini ruwan zafi in sanyi ya tsananta.

Na kawo wannan ne don dalili. Mu da muka ga 2001 da 2008 da 2010 mun san yadda ƙaramar magana ke zama babba a garin nan. Hayaƙi ba ya tambayar addininka ko yarenka kafin ya shiga tagarka. Namu yana shiga gidan maƙwabtanmu Afizere, nasu yana shigowa namu. Idan muka gyara namu tun ba a kawo ƙara ba, mun toshe wata kafa, kuma bakinmu zai yi nauyi ranar da muka je roƙon wani ya gyara nasa.

ABIN DA NAKE BA DA SHAWARA

Ban zo in ce a rufe sana'ar kowa ba. Tun zamanin da kananzir ya yi wuya aka koma murhun Abacha, har zuwa cire tallafin mai a Mayun 2023, talaka bai bar itace da gawayi don yana son hayaƙi ba. Abin da aljihunsa ya iya ke nan. Ga dai abin da nake roƙo.

Na ɗaya, mu yi alkawari tsakaninmu cewa taya da leda da roba da baƙin mai ba za su shiga murhun kowa ba, ko na wanka, ko na babbaka, ko na jin ɗumi.

Na biyu, duk mai tanda ko duro ya sa bututu da zai wuce rufin gidan da ke kusa da shi, ya kuma yi amfani da busasshen itace. Ɗanye ya fi hayaƙi, kuma ya fi ci, don wani kaso na wutar a ƙone ruwan cikinsa yake tafiya.

Na uku, ƙungiya ta naɗa kwamiti da zai haɗa mai burodi, da mai gidan wanka, da mahauci, da mace aƙalla ɗaya, da malami. Su zagaya, su yi sulhu, su kuma rubuta wa kansilanmu takarda a nemi ƙaramar hukuma ta fitar da ƙa'ida bayyananna, a fassara ta da Hausa. Gara a yi ta da shawararmu da a wayi gari a ga an manna mana takardar tara.

Na huɗu, kuma iyayenmu mata ku riƙe wannan da kyau: kada a shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi yana fitar da wata iskar guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da wani abu. Alamarta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya ma farkawa. A ɗumama ɗaki, a fitar da kasko waje, sa'an nan a kwanta. Haka janareta, waje ne wurinsa. Wanda aka tarar ya galabaita, a fito da shi sarari nan take a garzaya asibiti, kada a tsaya shafa masa mai.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Ina roƙon kafin a tashi daga taron nan a rubuta sunayen 'yan kwamitin, kada maganar ta tsaya a fatar baki, don sanyi ya riga ya shigo. Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku yafe mini. Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.