Yumɓu da wayar ƙasa a dausayi mai tsami



Duk mai haɗa wuta ya san aikin wayar ƙasa. Idan wuta ta ɓalle a jikin na'ura, ko aradu ta faɗo, ita ke janye ta zuwa sandar jan ƙarfen da aka kafa a ƙasa kafin ta bi ta jikin mutum. Da yawanmu mun ɗauka cewa muddin wuri na da ruwa, aiki ya yi kyau. Dausayin Kalimantan da Sumatra a Indunusiya ya ƙaryata mu. Ƙasar can ruɓaɓɓen ganye ce da saiwoyi, ruwan sama kaɗai ke shayar da mafi yawanta, don haka gishirin da ke narke a cikinta kaɗan ne, alhali gishirin ne ke ɗaukar wuta. Ga kuma tsami: a ma'aunin pH takan tsaya tsakanin 3 da 4. Sanda na cikin ruwa tsundum, wuta ba ta wucewa yadda ake so, tsatsa kuma na cin ƙarfe.

A nan gida, gishiri da gawayi muka saba zubawa a rami. Ranar farko awo yakan faranta rai. Damina biyu ko uku, ruwa ya wanke gishirin, kafin nan kuwa ya riga ya taya tsamin cin sandar. A ƙasa mai tsami irin ta dausayi, a ganina, ɓarnar kuɗi ce.

Yumɓun bentonayit, wanda aka raɗa wa suna a Amurka a 1898, dabam yake. Nau'insa mai sodiyam yana shan ruwa har ninki biyar na nauyinsa, ya kumbura ya manne wa sanda ta ko'ina, kamar an ƙara mata kauri. Idan ya ƙoshi da ruwa, turjiyarsa ga wuta kusan om-mita 2.5 ce kawai. Ba shi da tsami, pH ɗinsa 8 zuwa 10, sai ya shiga tsakanin ƙarfe da ruwan dausayi. Ruwa kuma ba ya tafiya da shi kamar gishiri.

Me ya haɗa mu da wannan? A Neja Delta akwai ƙasa mai ma'adinin farayit, wanda in an tone shi ya sha iska yakan fitar da asid. Yumɓun kuwa muna da shi a Dikwa ta Borno da Pindiga ta Gombe. Sai dai namu yawanci mai kalsiyam ne, ba ya kumbura sosai sai an gauraya shi da sodiyam kabonet, sinadarin da ke cikin kanwa. Kada wani ya ɗebo laka a bakin rafi ya ce ya samu.

Raunin bentonayit fari ne: in ya bushe sai ya tsattsage ya saki sandar. Saboda haka a auna ƙasa da dabarar turaku huɗu ta Frank Wenner ta 1915 kafin a haƙa rami, a kai sanda zurfin da danshi ba ya yankewa, sannan a maimaita awon a tsakiyar rani.