Amsoshin Wasiƙunku: Ɗana Zai Karɓi Takardar Zama Ɗan Ingila, Na Rasa Shi Ke Nan?

Wannan mako wasiƙu uku muka haɗa wuri guda, gama duk bakinsu ɗaya: ɗaya daga Bakura, ɗaya daga Talata Mafara, ta ukun kuwa daga Maradun, duk a Jihar Zamfara. Biyu daga cikin masu wasiƙun sun roƙi a sakaya sunayensu, saboda haka muka sakaya na kowa.

Ta farko ta fito ne daga wani dattijo manomin shinkafa a Bakura. Ya ce ɗansa ya shekara bakwai yana aikin jinya a wani asibiti a Ingila. Kwanan baya ya bugo waya ya ce an ba shi rana, zai je ya yi rantsuwa ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Tun daga ranar nan gida bai zauna lafiya ba. Baffannin yaron sun ce ya sayar da ƙasarsa, ya yi caffa ga sarkin Turawa, don haka ba shi da sauran rabo a gonar gado. Dattijon yana so ya ji ko gaskiya ne ya rasa ɗansa.

To Baba, kwantar da hankalinka, ɗanka yana nan ɗan Najeriya. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Najeriya, uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Sashe na 28 kuwa, wanda ya yi magana a kan riƙe ƙasa biyu, waɗanda ya ɗaure su ne baƙin da suka zo suka nemi zama 'yan Najeriya daga baya. Haifaffen ɗan ƙasa yana iya riƙe fasfo biyu. In yana so ya fita, sashe na 29 ya ce sai shi da kansa ya rubuta ya ce ya bari, kuma Shugaban Ƙasa ya sa a yi rajistar maganar. Ita ma Birtaniya ba ta cewa mutum ya ajiye fasfon ƙasarsa kafin ta ba shi nata.

Amma fa kada a ga laifin baffannin ƙwarai. Tsarin mulkin 1979 ya hana riƙe ƙasa biyu, kuma wanda ya ji maganar a wancan zamani bai ji ƙarya ba. Dokar ce ta sauya, labarin bai iso ƙauye ba. Batun gona kuwa, alƙalin da zai raba gado a Bakura dangantaka zai duba da addini, ba zai tambayi launin fasfon kowa ba.

Yanzu bari mu bi hanyar da ɗan naka ya bi, don masu sauraro su san abin ba na dare ɗaya ba ne. Dokar da ake aiki da ita an yi ta a 1981, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 1983. Mai nema sai ya kai shekara 18. Sai ya zauna a ƙasar shekara biyar bisa izini, kana ya samu takardar zama na dindindin ya riƙe ta wata goma sha biyu. Wanda ke auren ɗan ƙasar ko 'yar ƙasar shekara uku ake nema gare shi, kuma ba sai ya jira wata goma sha biyun nan ba. Ana son ya ji Turanci gwargwadon da zai yi hira ya biya bukatarsa. Ana son mutum biyu waɗanda suka san shi aƙalla shekara uku, ba danginsa ba, su sa hannu su ce sun san shi. Ma'aikatar Cikin Gida kuma za ta bincika halinsa: ko an taɓa ɗaure shi, ko yana biyan haraji, ko ya taɓa yi wa hukuma ƙarya.

Akwai kuma jarrabawa ta sanin rayuwar ƙasar, wadda aka fara a watan Nuwamba 2005. Tambaya 24 ce a kwamfuta, cikin minti 45, kuma sai mutum ya ci 18 kafin a ce ya haye. Kuɗinta fam 50 duk zama ɗaya. Tarihin sarakunansu ne, da yadda majalisa take aiki, da dokoki da al'adu. Ni da na yi karatun malanta na riƙe alli, na duba irin tambayoyin, na ce lalle ko Baturen da aka haifa can in bai yi bita ba sai ya sha kunya. Wanda ya kai shekara 65 an ɗauke masa ita, har da gwajin Turancin.

Wani sharaɗi kuma ya shafi iyaye kai tsaye. Cikin shekara biyar ɗin nan ba a so mutum ya yi fiye da kwana 450 a wajen ƙasar, a shekarar ƙarshe kuwa kada ya wuce kwana 90. Shi ya sa za ku ga yaro ya zo Sallah ya yi mako uku yana ta duba kalanda, ku ce ya ƙi gida. Ƙidayar kwanaki yake yi. Sai dai in ka raba 450 gida biyar, wata uku ke nan kowace shekara. Saboda haka duk ɗan da ya shekara biyar bai leƙo tsohuwarsa ba ya ce doka ce ta hana shi, to ya nemi wata hujjar.

Kuɗi fa? A shekarar 2025 kuɗin neman fam 1,605 ne, na bikin rantsuwa fam 130, jimla fam 1,735, watau sama da naira miliyan uku a canjin wannan shekarar. In aka ƙi mutum, na bikin kaɗai ake mayar masa. Amsa takan ɗauki kamar wata shida.

To sai ranar rantsuwa, wadda ita ce ta tayar da hankalin gidanku. Da can ba a yin wani biki, mutum kan yi rantsuwarsa gaban lauya a aiko masa da takarda ta gidan waya. Dokar 2002 ce ta kawo bikin, aka yi na farko ran 26 ga Fabrairu 2004 a unguwar Brent ta birnin Landan, Yarima Charles, wanda ya zama sarki a 2022, yana wurin. In takardar gayyata ta zo, mutum yana da wata uku ya je. Ƙaramar hukumar da yake zaune a cikinta ita ke shiryawa, galibi a zauren majalisarta, a tara mutanen ƙasashe daban-daban, kowa ya zo da baƙonsa ɗaya ko biyu. Magajin gari ko wani babba ya yi jawabin maraba. Sa'an nan a tashi tsaye a faɗi abu biyu. Na farko, mutum ya rantse da Allah Maɗaukaki cewa zai riƙe amana ya yi biyayya ga sarki da magadansa bisa doka. Wanda ba ya son rantsuwa da sunan Allah yana iya furta alkawari kawai, duk ɗaya ne a wurin hukuma. Na biyu, ya yi alkawarin zai bi dokokin ƙasar, ya girmama 'yancin jama'arta, ya sauke haƙƙin da ke kansa. Sai a miƙa masa takarda, a buga taken ƙasa, a ɗauki hoto. Daga wannan sa'a ya zama ɗan ƙasa, yana iya neman fasfo.

Baba, ka lura, a cikin kalmomin nan babu inda aka ce ya bar Najeriya, babu inda aka ce ya bar addininsa. Ƙidayar 2021 ta sami Musulmi kusan miliyan 3.9 a Ingila da Wales, da haifaffun Najeriya wajen 270,000. A watan Satumba 2025 ma Musulma ce, Shabana Mahmood, aka naɗa ta riƙe ita Ma'aikatar Cikin Gidan da ke ba da takardar. Hukuncin rantsuwar a shari'a ba fagena ba ne. Ga kalmomin na kawo maka su, ka kai wa malamin da ka amince da shi.

Ni a ganina ma takardar nan ta fi kusantar da ɗanka gida. Mai takardar zama na dindindin in ya yi shekara biyu a jere a waje, ta mutu. Ɗan ƙasa kuwa ko shekara goma ya yi a Bakura yana noman rani, ranar da ya ga dama ya koma. Abu ɗaya dai za ka gaya masa: kada ya bar fasfonsa na Najeriya ya mutu, don in ya zo da na Ingila kaɗai sai ya nemi biza kamar baƙo. Kuma muddin yana cikin Najeriya, ɗan Najeriya ne. In wata rigima ta same shi a nan, ofishin jakadancin Birtaniya ba ya yawan sa baki.

Wasiƙa ta biyu ita ta fi damuna. Wani ɗan kasuwa ne mai sayar da hatsi a kasuwar Talata Mafara. Ya ce kakansa ya yi yaƙin Bama, kuma a cikin akwatinsa an sami tsohon fasfo na zamanin Turawa mai tambarin sarautar Ingila. Wani mutum a Abuja ya ga hoton fasfon a waya ya ce ai jikokinsa duk 'yan Ingila ne, a kawo kuɗi a fitar musu da takarda. Alhajin yana shawarar sayar da gonarsa ta cikin filin noman rani na Bakolori.

Alhaji, don Allah kada ka sayar. Ga tarihin abin. Turawa sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, kuma Mafara da Bakura da Maradun duk a Lardin Sakkwato suka kasance. Amma Arewa a dokarsu ƙasar kariya ce, ba kamar Ikko ba wadda suka mallake kai tsaye tun 1861. Don haka abin da ke rubuce a fasfon mutanen Arewa shi ne mutum ne da ke ƙarƙashin kariyar Birtaniya. Ran 1 ga Oktoba 1960 duk suka zama 'yan Najeriya, wancan matsayi ya faɗi. Aikin soja a Bama, duk da wahalar da suka sha, bai ba kowa zama ɗan ƙasa ba, balle jikansa. Akwai wata biza ta gaske da ake ba ɗan ƙasar Kwamanwel saboda kakansa, kuma ita 'yan damfara ke fakewa da ita. Sharaɗinta shi ne a can cikin Birtaniya aka haifi kakan. Kakanka kuwa a ƙasar Mafara aka yanke masa cibiya.

Babu wani ofishi a Gusau ko Abuja ko Ikko da ke sayar da takardar nan. Ƙofar ma sai ƙara ƙuntata ta ake yi. Daga Fabrairu 2025, wanda ya shiga ƙasar ta ɓarauniyar hanya, a kwalekwale ko a ɓoye cikin mota, galibi ba za a ba shi zama ɗan ƙasa ba komai daɗewarsa. A watan Mayu 2025 gwamnatinsu ta fitar da shirin mayar da shekara biyar ta samun zama na dindindin zuwa goma ga yawancin baƙi. A watan Yuli na shekarar kuma ta rufe ɗauko masu aikin kula da tsofaffi daga waje, hanyar da aka cuci 'yan Najeriya da yawa da takardun aiki na bogi. Duk wanda ya ce maka yana da hanya ta bayan gida, gonarka yake so. Ka kuwa san tarihin ƙasar da kake shirin sayarwa: an gama madatsar a 1978, a watan Afrilu 1980 manoma suka rasa rayukansu a kan haƙƙin gonakin nan. Fasfon kakanka ka sa shi a leda ka adana, abin nuna wa jikoki ne.

Ta uku gajeriya ce, daga wata Hajiya a Maradun. 'Yarta ta bi mijinta karatu Landan ta haihu a can, tana tambaya ko jikan ya zama Bature.

Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya. Kafin 1983 haka ne, duk wanda aka haifa a ƙasar ya zama ɗanta. Kemi Badenoch, wadda ta girma a Ikko ta zama shugabar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau a Nuwamba 2024, ta wannan ƙofa ta shiga, don a 1980 aka haife ta a Landan. Tun daga 1983 kuwa sai in uwa ko uba ɗan ƙasa ne, ko yana da zama na dindindin ranar haihuwar. Mai bizar karatu ba ya cikin waɗannan. Saboda haka jikanki ɗan Najeriya ne, sai iyayensa su je ofishin jakadancinmu na Landan su yi masa fasfo. In daga baya ɗayansu ya samu zama na dindindin, ko yaron ya yi shekara goma ta farkon rayuwarsa a can, ana iya yi masa rajista. Kin kuma tambaya ko surukin naki zai iya ɗaukar uwargidansa da ke nan Maradun ta bi su. Wannan kam a'a, mace ɗaya dokarsu ta yarda mutum ya shiga da ita a matsayin matar aure.

Jama'a, lokaci ya tsere mana. Masu tambaya a kan takin zamani da kuɗin ruwan noman rani, wasiƙunku sun iso, su za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A riƙa rubuta sunan gari sosai don mu san inda wasiƙa ta fito. Ku huta lafiya.